Makarantar Tumaki

Ranar sunan 'yar Usman, muna zazzaune a tsakar gida a Kankara ana ƙulla alawa da dabino a leda, sai Halima ta sake tono tsohon zancen nan nata da ba ya tsufa.

"Ai Umma da gangan ta kai Yaya makarantar tumaki," in ji ta, "can bayan gari, sai an hau mota biyu, don ta huta da ganinsa. Mu 'yan gata aka sa mu ta ƙofar gida."

Mata suka kwashe da dariya. Shi ma yayan naku da yake wucewa da tabarmi ya dara, ni ma na taya su saboda idon baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don na lura ba wasa kaɗai ba ne a bakinki, Halima, rabin zuciyarki ya yarda da ita. Ga kuma 'ya'yanku sun fara tasowa suna ji. To ni ba na so in bar duniya a riƙa ba jikokina labarina a karkace. Ba gafara nake nema ba, don har gobe ban ga laifin da na yi ba. Zama zan yi in warware muku yadda shekarar nan ta kasance, ke da Usman, shi ma yayanku in ya ga dama ya karanta.

Kun taso a ƙasar da uwa ke rungume ɗanta a bakin titi tana sumbatarsa, saboda haka dole in faro muku daga tushe. A Sheme inda aka haife ni, da Daudawa inda aka kai ni aure, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara zabura ba. Kunya ce, kuma ado ce ga mace, wadda ba ta da ita sai a ce ba ta sami tarbiyya ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya, domin gidan cike yake da masu yi wa yaron abin da uwarsa ta bari. Kaka na nan, gwaggo na nan, matan baffanni na nan. Uwa ta yi shiru, baki goma na magana a madadinta. Ni kaina 'yar fari ce. Har mahaifiyata ta koma ga Allah "ke" take ce mini, kuma ban taɓa kwana da shakkar tana sona ba.

Muna zaune a Faskari lokacin da na yi haihuwar fari, ina koyarwa a firamare, babanku yana aikin gwajin jini a asibiti. Ranar da aka yaye yayanku, Inna, mahaifiyar babanku, ta zo ta goya shi ta wuce da shi Daudawa. Ba shawara aka yi da ni ba, ban kuma sa rai za a yi ba, haka aka saba. "Maigidana" take ce masa. Ita yake kira Inna, ni kuwa Yaya Binta, kamar yadda ya ji sauran yaran gidan suna faɗa. Da aka haifi Halima sai gari ya koma kirana Maman Halima, sunan nasa bai taɓa hawa kaina ba. In mun je Daudawa hutu, sai in zauna cikin mata muna ɓarar gyaɗa ko gyaran audugar da aka tsinko, kaina a sunkuye, hannuna na aiki, idona yana bin sa ta gefe. Yaro ne mai shiru, kullum yana garken tumakin Inna. Na san abubuwa da yawa a kansa waɗanda bai san na sani ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya sani ba.

Yana gab da gama firamare babanku ya sami aiki a wani asibiti a arewacin Ingila. Ku biyu ba magana, da mu za ku tafi. Shi ne abin tunani. Babanku ya je Daudawa ya durƙusa gaban Inna ya ce yana roƙon ta ba shi yaron saboda karatu. Shi ma babanku ɗan fari ne, don haka ba ta dube shi ba. Ta juya wajen ƙaninsa, Baffanku Lawal, tana magana kamar da shi take.

"Karatu suka ce? To su tahi da shi. Amma ka gaya musu ba kaya ba ne, mutum ne. In ranshi ya ɓaci ba ya hwaɗi, abinci yake bari. Su riƙa duba kwanonshi."

Ranar tafiya ba ta raka mu bakin mota ba. Ta ce tumaki ba su sha ruwa ba.

Garin da muka sauka ruwan sama ba ya gajiya a cikinsa. Gidan ƙunci, ɗaki bisa ɗaki, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce ina kwana. Zancen makarantarku ya zo da sauƙi, akwai firamare a ƙarshen layinmu kuma akwai gurbi. Na kai ku da kaina, da Turancina na sakandaren Kankara. Matar ofis ta tambaye ni halinku, na saki baki na zuba mata. Na ce Halima tana son zane kuma tana tsoron kare, Usman ba ya cin ƙwai amma ya iya ƙirga har ya wuce shekarunsa. Har dariya muka yi da matar. Yayanku yana tsaye bakin ƙofa riƙe da lema, yana saurare. Ban kawo komai a raina ba.

Nasa na sakandare ne, aka ce mana makarantu biyu ke da gurbi, mu zaɓa. Ɗaya tana bayan kasuwa, tafiyar ƙafa ce daga gida. Yaran musulmi sun cika ta, 'yan Fakistan da 'yan Somaliya, ana ba da abincin halal, akwai ɗakin salla. Duk wanda muka tambaya a masallaci ita yake nuna mana, babanku ma ya riga ya gama yanke hukunci a zuciyarsa. Ni na ce gani ya kori ji, na ɗauki yaron muka je muka duba duka biyun. Ta bayan kasuwar bene ce doguwa, ko'ina siminti, ba inda ƙafa za ta taka ƙasa, ga hayaniya kamar tashar mota ranar kasuwa. Ya bi ni a baya har muka fito bai ɗaga kai ba. Ɗayar kuwa sai da muka sauka daga mota muka hau wata, har gidaje suka fara ƙarewa. Ƙarama ce, tsohon gini. A bayanta akwai lambu da kaji da wani shinge da tumaki a ciki, wai suna koya wa yara noma da kiwo. Ina magana da mai nuna mana wuri na waiwaya ban ga yayanku ba. Can na hango shi jikin shingen yana yi musu irin kiran da ake yi wa na Inna, su kuma sun taso sun kewaye shi kamar sun san shi. Ya nutsa hannu cikin gashin wata, fuskarsa ta saki.

"Sun hi na Inna gashi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "amma na Inna sun hi su tsawo."

Tun da muka sauka daga jirgi bai yi magana mai tsawon wannan ba. A nan tsaye cikin taɓo na gama zaɓena.

Da babanku ya dawo aiki na ajiye masa abinci, na bari ya ci, sannan na taɓo zancen.

"Malam, ta bayan garin nan ta fi."

"Ta fi da me? Mota biyu fa, ga sanyi na tafe. Musulmin cikinta ba su cika hannu ba."

"Tana da fili."

"Fili zai ci? Abincin fa? Sallar fa?"

"Abinci ni zan zuba masa a kwano. Salla kuwa ko'ina ƙasar Allah ce, ya iya alwalarsa."

Abin da ke raina shi ne in ce na ga fuskar ɗana yau, amma wannan ba maganar da za ta fito daga bakina ba ce. Babanku ya daɗe yana kallona. Mutum ne mai gardama, kun san shi, amma ɗan fari ne, ya san irin maganar da ake yi da rabin baki. Ya wanke hannu ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ranar da za a shigar da shi babanku yana bakin aiki, sabon ma'aikaci ba ya neman izini. Da a gida ne ko tunanin zuwa ba zan yi ba, Baffanku Lawal ne zai riƙe hannunsa ya kai shi. A can ba Baffa, sai ni. Shugabar makarantar wata doguwar mata ce mai furfura, takalminta duk taɓo, daga gani daga wajen tumakin take. Ta zaunar da mu ta ba mu shayi. Ta duba takardunsa, ta ce in koya mata yadda ake faɗin sunan don kada ta ɓata shi. Na juya wajen yaron na ce, "Faɗa mata." Ya faɗa. Ta ɗan dube ni, ta wuce. Sai ta gyara zama ta ce in gaya mata wane irin yaro ne, me ya iya, me yake so.

To, na yi abin da duk wata 'yar mutunci daga Sheme za ta yi in ta miƙa yaro hannun malami.

"Ba wani abin da ya iya," na ce. "Wasa ya yi masa yawa, ba ya jin magana. Sai kun yi haƙuri da shi. In ya yi ba daidai ba, ku hukunta shi."

A gida malami dariya zai yi ya ce, a'a Hajiya, ai daga gani yaron kirki ne. Ya san ƙasƙantar da yaron girmama malami ne, kuma kariya ce daga bakin mutane, don abin da aka cika yabo ba ya ƙarko. Kowa ya san rabonsa a wannan magana, uwa ta rage, malami ya mayar. Ina zaune ina jiran ta mayar. Matar nan ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki biro ta rubuta abin da na faɗa, tana gyaɗa kai cikin tausayi. Yaron yana kallon takalminsa. Turancin ya ji shi sarai, ai shi ke zuwa na ɗaya a Daudawa.

Aka sa shi ajin masu buƙatar taimako, ana ba shi littattafai masu manyan hotuna irin na Usman. Bai gaya mana ba, ni ma ban sani ba a lokacin. Abin da na sani shi ne kwanon. Da safe in zuba masa shinkafa da wake ko dambu in rufe, da yamma ya dawo da shi yadda na ba shi, sai dai sanyi. Na canza miya, na ƙara nama, na yi masa ɗanwake da man gyaɗa yadda Inna ke yi, duk ɗaya. Sanyi ya shigo sosai, rana ta koma fitowa kamar mai jin nauyin mutane. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Nakan tsaya bayan labule in ga ya nufi tashar mota, kafaɗa a ɗage, in ji kamar in bi shi da gudu. Sai in saki labulen in koma wanke-wanke. Na ji tsoro a watannin nan, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wadda zan gaya wa.

A lokacin waya ba ta kamawa a Daudawa. Sai ranar kasuwa Baffanku Lawal ya ɗauko Inna a babur ya kawo ta Faskari, a kira mu. Kowa ya gaisa, sannan a ba maigidanta, ya tafi da wayar kan matakala. Wata ranar ina kicin na rage wuta, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki ce a maido ni. Nan ba ni da kowa."

Na tsaya riƙe da ludayi har miyar ta kama. Ba ni da kowa. Ni da na ratsa gari da shi, ni da na yi gardama da babanku a kansa. Haushi ya fara zuwa mini kafin baƙin ciki, don ni mai saurin fushi ce, ba sai na gaya muku ba. Amma da na duba ta inda yake tsaye, me ya gani? Ya ga mace ta yabi 'ya'ya biyu har da dariya, ta zo kansa ta ce bai iya komai ba, ko sunansa ta kasa faɗa. A makon nan kuma makarantar ta kira babanku ta ce tana son ganinmu mu biyu, wai yaron ba ya magana a aji, in an fita hutu yana jikin shingen tumaki, kuma ya gaya wa wata malama cewa uwarsa tana Najeriya. Babanku ya zauna ya dafe kai. Ya ce akwai wani abokin aikinsa da zai je gida in an yi hutun ƙarshen zango, gara a haɗa su ya koma wajen Inna, karatun da zai kashe yaro ba karatu ba ne. Na san in ya tafi a haka, ba Ingila kaɗai zai bari ba, har da ni.

Ranar kasuwa ta zagayo kafin ranar zuwa makarantar. Bayan gaisuwa Inna ta ce a ba ta ni.

"Binta, mi kika yi ma maigidana?"

"Ban yi masa komai ba, Inna."

"To shi ne. Ba ki yi mishi komai ba."

Na kwashe yadda aka yi a ofishin shugabar na gaya mata, har abin da na faɗa. Ina jin hayaniyar kasuwar Faskari a bayanta, masu babur da mai tallar rake.

"Daidai kika hwaɗi," ta ce, "in da a nan ne. Can wa ya mayar miki?"

"Ba kowa."

"To kin gani. Ɗiyata, kunya cikin mutane ake yin ta. Da kike shiru a nan, ni ke magana, gwaggonninshi na magana. Can kin yi shiru, bango za ya yi mishi magana? Kunyar wa kike ji a ƙasar da ba wanda ya san ubanki?"

"Inna, in kina so a maido shi, an ce akwai mai zuwa."

"Ina so mana! Tun da ya tahi ban ƙara barcin kirki ba, tumakin ma dut sun rame. Amma in ya dawo yanzu, da mi za ya dawo? Da cewa wadda ta haihe shi ba ta son shi. Da ita za ya girma, da ita za ya tsuhwa. Ni kwana nawa ya rage min da zan riƙa goge mishi wanga? Na ara miki bakina shekara da shekaru, yanzu bakin ya yi nisa. Ki buɗe naki."

Wannan tsohuwa ce da ba ta taɓa kiran sunan babanku ba, ko a bayan idonsa. Ita ce take gaya mini haka.

Muka je makarantar mu uku. Shugabar ta yi ta kewaye-kewaye irin nasu na ladabi, daga ƙarshe ta dube ni ta ce ta san iyalai iri-iri ne, ba laifi ba ne in ni riƙonsa nake, tana dai so ta san wace ce mahaifiyarsa. Babanku ya buɗe baki zai amsa, na riga shi.

"Ni na haife shi."

Ana wannan sanyin, gumi ya karyo mini har cikin mayafi. Ji na yi kamar na fito tsakiyar kasuwar Sheme ba ɗankwali. Amma tunda an riga an jiƙe ba a tsoron ruwa, sai na ci gaba. Na yi mata bayanin al'adarmu da guntun Turancina, ban san ko rabi ta gane ba. Na ce abin da na faɗa ranar farko gaisuwar malamai ce a wurinmu, ba shaida ba ce. Na ce yaron nan shi ke zuwa na ɗaya a ajinsu. Ba motar da za ta wuce da rubutu a jikinta bai karanta ba. Ba ya tsoron duhu, ba ya tsoron maciji, tsawa kaɗai ke sa shi neman kusa da mutum. In ransa ya ɓaci abinci yake bari. Na ce yana ɗan ƙarami wata tunkiyar kakarsa ta haihu ta ƙi ɗanta, tana tunkuɗe shi, manya suka ce a bar shi ba zai yi rai ba. Yaron nan ya riƙa kama ta safe da yamma, ya matse ta jikin garu da ɗan ƙarfinsa, ya sa ɗan a nono, har ranar da ta sunkuya ta lashe shi da kanta. Na ce ina wurin, ina ɓarar gyaɗa, na ga komai.

Ban dubi inda yake ba, amma ina jin idonsa a kaina. Shugabar ta ajiye biron. Ta ce za a sake gwada shi a mayar da shi ajin da ya dace, ta kuma ba shi haƙuri, abin da ban taɓa ganin babba ya yi wa yaro ba. Sannan ta tambaye shi ko yana so ya zauna. Ya ce zai yi tunani. A motar komawa ya buɗe kwanonsa ya ci dambun nan da sanyinsa har ya siɗe hannu. Na ga haka na mayar da fuskata taga. Amma bai ce ya fasa tafiya ba, abokin aikin babanku kuma yana ta shirin hanya.

Da ranar kasuwa ta sake zagayowa kuna kan tebur kuna aikin makaranta, ke da Usman, ba lallai ku tuna ba. Shi yana sama. Inna ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba.

"Kin buɗe bakin?"

"Na buɗe, Inna."

"Sunan hwa?"

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Kira shi in ji."

Babanku da ya ji inda zancen ya nufa sai ya tashi ya shige kicin, wai zai sha ruwa. Na tsaya ƙasan matakala da waya a kunne. Sunan da na yi shekaru ina faɗa a zuci, a sujada, ban taɓa jin sa da muryata ba. Ya fito kamar tari.

"Nuhu."

"Ban ji ba," in ji Inna, "layin ba kyau."

Ta ji sarai, na san halinta. Na ja numfashi na ɗaga murya yadda ake kiran yaro daga bakin garke.

"Nuhu!"

Sai na ji ƙofa, sai takun ƙafa. Ya sauko rabin matakala ya tsaya, yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Ashe kin san shi," ya ce.

"Ajiye shi na yi," na ce. "Karɓi, Inna na magana."

A wayar ina jin tsohuwar tana dariya, irin dariyar da hanci ke toshewa a cikinta. Ya zauna nan kan matakala, bai tafi da wayar ko'ina ba. Nasa ɓangaren kaɗai na ji. To, Inna. Ina ci. An canza mini aji. A'a, ba yanzu ba, sai dogon hutu, in zo in ga ko tumakin sun rame da gaske. Abokin aikin babanku ya tafi shi kaɗai.

Dogon hutun bai sami Inna ba. Farkon damina, an yi shuka ke nan, Baffanku Lawal ya kira ba ranar kasuwa ba, tun kafin ya yi magana na gane. Zazzaɓin kwana kaɗan ne. Da an mayar da shi a wancan hutun na ƙarshen zango da ya yi watanni a gabanta, da shi zai riƙa miƙa mata ruwa. Ta san shekarunta, ta san abin da take sadaukarwa ranar da ta ce in buɗe baki. Ni na hau sama na gaya masa, ban aiki babanku ba. Ya kifa kansa a cinyata ya yi kuka, na bar hannuna a kansa, ban janye ba.

Sauran kun sani. A makarantar nan ya gama, daga shingen nan ya zama likitan dabbobin da yanzu ake kira daga Sabuwa har Ruwan Godiya in annoba ta shiga garke. Da muka fara zuwa gida na kira shi a tsakar gida a Daudawa, matan gidan suka riƙe baki, aka yi ta ce mini Baturiya har muka koma. Na bar su, ba su ga kwanon ba. Shi kuma har yau Yaya Binta yake ce mini, ban hana shi ba, baki ya riga ya saba. Amma in na kira, kafin in rufe baki ya amsa.

Saboda haka, Halima, in za ki sake ba da labarin nan a gidan suna, ki ba da shi daidai. Ba don in huta da ganinsa na kai shi bayan gari ba, a can ne kaɗai na ga fuskarsa ta saki. In kuwa ana neman wadda ta haƙura da ganinsa, ba ni ba ce. Tana kwance a Daudawa, ku riƙa sa ta a addu'a.